Fyaucewa: Aikatau Ɗaya, Majami'a Biyu

Akwai wani littafi da nake so mu ɗora bisa sikeli a wannan fitowa, ko da yake galibinku ba ku taɓa riƙa shi a hannu ba. Littafi Mai Tsarki ne na Kirista, amma wanda wani fasto Ba'amurke, C. I. Scofield, ya cika gindin shafukansa da sharhi. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga shi a 1909, aka yi masa gyara a 1917, aka fitar da shi da Faransanci a Janeba a 1975. Ni ɗalibin ilimin harshe ne, don haka maganar wa ke da gaskiya game da ƙarshen duniya na bar wa masu tauhidi. Abin da ya dame ni shi ne abin da littafin ya yi wa kalmomi, da abin da kalmomin suka juya suna yi wa mutanen da ke zama bisa benci ɗaya ranar Lahadi.

Bari in share fage saboda wanda bai taɓa leƙa majami'a ba. Kirista, Katolika ne ko Furotesta ko Otodoks, sun yarda cewa Yesu Almasihu, wato Annabi Isa a bakin Musulmi, zai dawo, matattu za su tashi, a yi shari'a. A nan babu ja. Rigimar tana wajen jeri: me zai fara, me zai biyo baya. Littafin ƙarshe, Wahayin Yahaya, wanda tsohuwar fassara ke kira Ru'ya ta Yohanna, ya ambaci shekara dubu har sau shida a sura ta 20. Wasu sun ce mulki ne na zahiri a nan duniya bayan Almasihu ya dawo. Wasu sun ce sai shekarun sun cika tukuna zai dawo. Wasu kuma suka bi Agustin, malamin nan ɗan Afirka ta Arewa da ya rasu a shekara ta 430, suka ce adadin misali ne na zamanin ikilisiya gaba ɗaya. Wannan tsohuwar gardama ce. Sabuwar, wadda ta fi raba kai yau, ita ce: shin za a kwashe masu bi daga duniya kafin babban tsanani na ƙarshe, ko kuwa da su za a sha shi? Kwashewar nan ita ce Kiristocin Hausa ke kira fyaucewa.

Abin da ya faru a Plymouth

A farkon shekarun 1830 wasu Kirista a Ingila da Ayalan suka gaji da rarrabuwar ɗariƙu. Suka ce za su taru a matsayin ƴan'uwa kawai, ba limami mai riga, ba sunan ɗarika, teburin jibi ɗaya ga duk mai bi. Taronsu na garin Plymouth ya bunƙasa har aka riƙa kiran dukansu da sunan garin. Manyansu biyu masu ilimi ne sosai. John Nelson Darby ya karanta shari'a, ya taɓa zama limami a cocin Ayalan, kuma shi ne mai fassarar nan ta Faransanci da har yau ake kira da sunansa. Benjamin Newton kuwa daga Oxford ya fito, shi ke jan ragamar taron Plymouth.

Darby ya koyar cewa dawowar Almasihu hawa biyu ce. Da farko zai zo ya ɗauke ikilisiya, duniya ta shiga tsanani, daga baya ya bayyana a fili. Don wannan tsari ya zauna, sai ya raba nassi gida biyu, na Isra'ila da na ikilisiya, har ya ce gargaɗin tsananin da ke cikin Matiyu sura ta 24 ya shafi ragowar Yahudawa ne. Newton ya ce a'a, dawowa ɗaya ce, ikilisiya za ta ga tsananin da idonta, kuma wanda ya ce wani yanki na Linjila ba da mu yake ba ya ƙwace wa masu bi maganar Ubangijinsu. Newton ya rubuta littafi kan Wahayi, Darby ya mayar masa da dogon martani. A ƙarshen 1845 Darby ya fice ya kafa nasa teburi a cikin garin. A 1847 aka tono wa Newton wani kuskure dabam game da wahalar Almasihu. Ya janye maganar, amma ya bar Plymouth. A 1848 wutar ta tsallaka Bristol, wajen taron George Müller, mutumin nan mai riƙon marayu, saboda sun karɓi wasu da suka fito daga wajen Newton. Darby ya yanke zumunci da su, da duk wanda ya karɓe su. Tun daga nan ƙungiyar ta rabe biyu, masu buɗe ƙofa da masu rufewa, kuma har yau ba ta haɗe ba.

Ruwa ba ya tsami banza: akwai rikicin shugabanci a ciki, Darby na zargin Newton da mayar da kansa limami. Amma ku lura da inda tsagar ta fara. Mutanen da suka taru don su kashe rarrabuwa, shekara goma sha biyar ba ta cika sosai ba suka kasa cin gurasa tare, kuma abin da ya fara shiga tsakaninsu jerin abubuwan da ba su faru ba ne.

Shafi ɗaya, murya ɗaya

Tsarin Darby da ya tsaya cikin ƙasidunsa masu wuyar karatu, da wataƙila bai yi nisa haka ba. Scofield ne ya sa masa ƙafa. Ya ɗauki nassin Ingilishi na Sarki James, ya raba tarihin ɗan'adam zamani bakwai, ya sa kanun magana a tsakiyar surori, ya jera ayoyi masu alaƙa a tsakiyar shafi, ya zuba bayani a ƙasa. In za a yi adalci, aikin yana da amfani. Mai wa'azin ƙauye da ba shi da laburare ya samu malami a cikin jaka. Kana iya bin jigo ɗaya tun daga Farawa har Wahayi ba tare da ka ɓata ba. Kuma Scofield bai taɓa yanka wa duniya ranar tashi ba.

Inda nake da ja shi ne tsarin shafin kansa. Ku tuna tafsirin watan azumi. Mutum biyu ne ke zaune: alaramma na jan baƙi, malam na fassara. Murya biyu, sauti biyu, ko yaro ya san wanne ne nassi, wanne ne bayanin ɗan'adam. Almajirin zaure ma ya san matani dabam, sharhi dabam. A shafin Scofield mai karatu ɗaya ne, murya ɗaya, bango ɗaya da aka rubuta wa Mai Tsarki. Kanun da ya dasa a tsakiyar sura sun fi sharhin ƙasa haɗari, don kafin ka karanta aya an riga an gaya maka ta wa ce, ta wane zamani ce. Ra'ayin Newton da na Agustin ba su samu kujera daidai da ta Darby ba. Wanda ya tashi da littafin sai ya ɗauka cewa jadawalin a cikin nassi yake, mai musu da jadawalin kuwa da Allah yake musu.

Kalmomi huɗu

Masu wannan tsari na alfahari da cewa su a zahiri suke ɗaukar nassi, ba su yi masa kwana-kwana. To, mu gwada da kalmomi huɗu.

Ta farko ita ce fyaucewar kanta. Tushenta aya ɗaya ce, 1 Tasalonikawa 4:17, inda Bulus ya yi amfani da aikatau na Helenanci, harpazo, wato fizga ko wafcewa. Wata fassarar Hausa ta ce fyauce, wata ta ce ɗauke. Fyauce ta fi kama ƙarfin kalmar, kowa ya ga shaho da ɗan tsako. Aikatau ɗin ya fito a wasu wurare: kyarkeci na wafce tumaki a Yahaya 10, Ruhu ya fizge Filibus a Ayyukan Manzanni 8. A wajen Bulus aikatau ne cikin jimla, yana da wanda za a yi wa, yana da mahalli: ana ta'azantar da mutanen da ƴan'uwansu suka mutu, ana gaya musu cewa matattunsu ba za a bar su a baya ba. Da aka fassara shi zuwa Latin ya zama rapiemur, daga wannan saiwa Ingilishi ya ƙera suna. Faransanci ya ce enlèvement, kalmar da mu a Sahel muka fi ji a labarun garkuwa da mutane. Hausa ta ce fyaucewa.

Duk wanda ya zauna ajin nahawu ya san abin da ke faruwa idan aikatau ya koma suna. Ya tashi daga aiki ya zama abu. Abu kuwa ana iya nuna shi, a ƙirga shi, a zana masa akwati, a tambaya yaushe ne, kafin me, bayan me. In na ce za mu tafi, magana ce. In na ce Tafiyar, sai ku tambaye ni ranar da kuɗin mota. A ayar babu suna, babu shekara bakwai. Shekara bakwai ɗin daga Daniyel sura ta 9 aka ɗauko su, inda ake maganar bakwai-bakwai har saba'in: aka yanke na ƙarshen, aka tsallake da shi shekaru kusan dubu biyu, aka manna shi a bayan aikatau ɗin Bulus. Mai yiwuwa ɗinkin daidai ne. Amma ɗinki ne, kuma tela ne ya yi shi.

Ta biyu tana cikin ayar nan dai: apantesis, wato fita taryen wani. A nan Bahaushe ya fi Bature saurin ganewa. Idan alhaji ya dawo, dangi suka cika mota suka tafi filin jirgi tarbarsa, ina ake nufa bayan an gaisa? Gida. Ba a komawa Makka da shi. Kalmar ta fito a Ayyukan Manzanni 28, inda masu bi na Roma suka fita bayan gari suka taryi Bulus, kuma Roma ya shiga. Yohanna Kirisostom, mai wa'azin ƙarni na 4 wanda Helenanci harshen uwarsa ne, ya kwatanta ayar da mutanen birni masu fita taryen sarki. Da wannan ɓangaren Newton ke cewa: ana tashi ne a tarbo shi a rako shi duniya, dawowa ɗaya ke nan. Ɓangaren Darby na amsawa cewa kalmar haɗuwa kawai take nufi, ba ta faɗi inda aka dosa ba, kuma Yahaya 14 na maganar kai masu bi gidan Uba. Amsar tana da nauyinta. Abin da nake so ku gani shi ne ayar ta yi shiru kan alkiblar tafiya, kowane ɓangare shi ke cike shirun.

Ta uku ta fi ba ni dariya. A Matiyu 24:34 an ce wata genea ba za ta shuɗe ba sai abubuwan sun cika. Ma'anar da aka fi sani ita ce tsara, mutanen zamani ɗaya, shi ya sa wasu ke cewa maganar ta cika a shekara ta 70, lokacin da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima. Wannan ba ta shiga jadawalin Scofield, sai sharhinsa ya ce kalmar jinsi take nufi, wato al'ummar Isra'ila. A 1970 wani ɗan gidan nan dai, Hal Lindsey, ya fitar da littafin da aka sayar da miliyoyinsa, ya koma wa ma'anar tsara, ya ce tsara kamar shekara arba'in ce, a fara ƙirga daga kafuwar ƙasar Isra'ila a 1948. Ku yi lissafin. Wani tsohon injiniyan NASA, Edgar Whisenant, ya buga ƙasida mai dalilai 88 cewa fyaucewa a 1988 take. Satumba ta zo ta wuce. Gida ɗaya, kirarin zahiri ɗaya, kalma ɗaya, ma'ana biyu, kowacce an zaɓe ta ne gwargwadon abin da jadawali ke bukata a lokacin.

Ta huɗu adadi ce, 666, a Wahayi 13:18. Wanda ya san ramzi, yadda malamanmu ke ɓoye shekarar waƙa cikin haruffa, ba zai sha wuya a nan ba. Helenanci da Ibrananci ma haruffansu lambobi ne, kuma wasu ƙimomin iri ɗaya ne da na abajada: nun 50, ra 200, wau 6, ƙaf 100. In aka rubuta sunan Kaisar Neron da haruffan Ibrananci aka tara, 666 ake samu. In aka bi lafazin Latin aka yar da nun ta ƙarshe, sai ya koma 616. Abin mamaki, akwai tsoffin kwafe masu 616, har da wani guntun takarda da aka tono a Masar, kuma Ireniyus na Liyon ya san da wannan karatu tun ƙarni na 2, ko da yake ya ƙi shi. Ba dole ne kowa ya yarda Neron ake nufi ba. Amma wanda ya san wannan zai yi jinkiri kafin ya ga adadin a jikin katin banki ko kwalbar allura.

Me ya kawo maganar nan gida

Kada wani ya ce wannan rigimar Turawa ce. Mishan ɗin SIM ta sauka Zinder a 1924, ta zauna Tsibiri da Maradi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma yawancin ma'aikatanta sun fito ne daga Kiristocin Amurka ta Arewa masu tsananin riƙon nassi, inda wannan koyarwa ta yi ƙarfi. Barbara Cooper ta rubuta tarihin Kiristocin Maradi a littafinta na 2006, mai son zurfafawa ya neme shi. Yau kuma ba a bukatar mishan, wayar hannu ta isa: wa'azi daga Najeriya, fim daga Amurka, saƙon WhatsApp mai cewa tura wa mutum goma.

A majami'ar da na tashi ciki na ga ƙaramin Plymouth lokacin korona. Shugaban matasa ya zo da jadawali ya manna a bango, da kibiyoyi da akwatuna, ya ce allurar share fagen alamar dabba ce, fyaucewa na bakin ƙofa. Wani dattijo, tsohon malamin lakwal, ya ce shi dai abin da ya karanta shi ne ba wanda ya san rana ko sa'a, kuma a shirya wa wahala ya fi a shirya wa tsere mata. Aka ce tsoho ya yi sanyi, ba shi da Ruhu. Shi ma ya ce yaran sun sha bidiyo sun bugu. Gida biyu suka daina zuwa. Ƙungiyar mawaƙa ta rasa mai ganga. Wani yaro ya ajiye karatun bak, wai mi za a yi da takarda in an tashi sama. Da uwarsa ta je wajen dattijon, abin da ta ce shi ne: "Baba, ku da kunka yi karatu, ku gaya mini, in biya kuɗin jarrabawar ko in bari?"

Tambayar matar nan ita ce awon kowace koyarwa a kan ƙarshen zamani. Kirista tsiraru ne a Nijar. A wurare da yawa majami'a ɗaya ce a gari, in ta tsage babu ta biyu da za a koma, kuma waɗanda suka daina gaisawa su ne dai za su haɗu wajen biki da jana'iza. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Waɗanda suka ga an ƙona majami'u a Zinder da Yamai a Janairun 2015, ko waɗanda suka bar ƙauyukansu saboda ƴan bindiga, Musulmi da Kirista, in ka ce musu za a kwashe masu bi kafin tsanani, suna da haƙƙin tambaya: wanga da muke ciki fa, mene ne sunansa? Masu bin Darby na da amsa, sun bambanta wahalar yau da fushin ƙarshe. Sai dai amsa ce da ke bukatar a faɗe ta da tawali'u, a gaban mutanen da suka fi mai jadawalin sanin wahala.

Hukuncina a kan littafin Scofield shi ne: sharhi ne mai ƙwazo da aka ɗinka wa rigar nassi. A karanta shi yadda ake karanta kowane sharhi, da sunan mai shi a zuciya da shekarar da ya rubuta. Mai shi a gida ya gwada wannan: ya sa takarda ya rufe gindin shafi da kanun tsakiya, ya karanta 1 Tasalonikawa 4 daga aya ta 13 zuwa ta 18 a fassara biyu, Hausa da Faransanci, ya rubuta abin da ya gani da kansa, sannan ya ɗaga takardar. Abin da ya ƙaru bayan ɗagawar na Scofield ne. Yana iya karɓa, yana iya bari, amma ba shi da hujjar hana ɗan'uwansa gurasa a kansa. Ayar da ta rufe wannan sashe ma umarni ce ga masu bi su ta'azantar da juna da maganar.

Ƴan'uwana Musulmi da suka biyo ni har nan, na san ku ma kuna da zancen Mahadi da Dujal da alamomin tashin kiyama, kuma kun san yadda saƙonnin waya ke yi da su. Wannan fage naku ne, ku kuka san matani da sharhinsa, zan so in karanta wani daga cikinku a kai. Wanda kuma ke ganin na zalunci Darby ko Scofield, ya kawo nasa rubutun kafin a kai fitowa ta gaba wajen mai fotokopi, amma ya zo da ayar, ya nuna mana wace kalma ce a cikinta ta faɗi abin da yake faɗi.